Na je kallon hotunan Tim Hetherington a gidan tarihin yaki na Landan

Jama'a barkanmu, a 2024 na je baje kolin hotunan Tim Hetherington mai suna Storyteller da aka yi a Imperial War Museum, wato gidan tarihin yaki dake Lambeth Road a Landan, kuma wallahi har yanzu abin bai sake ni ba shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda na ga wurin da kuma ko ya cancanci mutum ya bar uzurinsa ya je. A takaice dai eh ya cancanta, amma akwai inda raina ya sosu kuma zan fada.

Ba ni kadai na je ba, da dan yayata muka je, yaro ne dan shekara 17 wanda in ka bar shi zai kwana yana wasan harbe-harbe a kwamfuta, sunayen bindigogi kuwa kamar a bakinsa aka kera su. Da gangan na dauke shi. Da nace masa gidan tarihin yaki za mu ai tun kafin in rufe baki ya saka takalmi.

Wurin baya da wahalar zuwa, in ka sauka a tashar jirgin kasa ta Lambeth North tafiyar 'yan mintuna ce a kafa, kuma ba yadda za ayi ka bata saboda wasu manyan igwa guda biyu na jiragen ruwan yaki da aka girke a bakin ginin, tun daga nesa kake hango su. Shiga kyauta ne, baje kolin ma kyauta aka yi shi. Ma'aikatan da muka tarar sun karbe mu da fara'a, wata mata ce ta nuna mana hanya ba tare da mun tsaya dogon bayani ba. Kana shiga tsakar ginin sai ka ga jiragen yaki a rataye a sama, ga roka V2 ta Jamus a tsaye, nan fa yaron nan ya rikice, Kawu kalli wannan Kawu kalli wancan, da kyar na janye shi. Kuma daga baya na gane wannan ma wani bangare ne na abinda yasa baje kolin yake kama mutum, domin sai ka ratsa ta cikin karafan yaki masu daukar ido sannan ka isa dakin da babu komai sai fuskokin yaran da ake mikawa irin wadannan karafan.

Ga wanda bai san mutumin ba, Tim Hetherington dan Ingila ne, an haife shi a 1970, yayi karatun adabi a Oxford sannan daga baya ya koyi daukar hoton jarida a Cardiff, ya fara aiki da mujallar The Big Issue wadda marasa matsuguni suke sayarwa a titi. A 1999 ya fara zuwa Laberiya, kuma abin sha'awa ba yaki ya je dauka ba, kungiyar kwallon kafa ta matasa ya bi, cikinsu har da wadanda suka taba rike bindiga. Ya shafe kusan shekara takwas yana zama yana aiki a Afirka ta Yamma, har da makarantar makafi ta Milton Margai a Freetown ta Saliyo wadda ya dade yana komawa. An kashe shi a Misrata ta Libiya ranar 20 ga Afrilu 2011 yana dan shekara 40, kuma ranar 20 ga Afrilu 2024 aka bude wannan baje kolin, shekara 13 cif. Gidan tarihin ne ke rike da taskar aikinsa tun 2017 shi yasa suke da kayan da ba a saba gani ba, ba hotuna kadai ba har da kyamarorinsa da littattafan da yake rubuta abinda ke ransa.

Hotunan sun haura 60 ga kuma bidiyo. Ni dai a bangaren Laberiya na fi dadewa. A 2003 shi da wani dan jarida James Brabazon suka bi 'yan tawayen kungiyar LURD mai yakar gwamnati tun daga daji har zuwa lokacin da suka danno Monrovia, wannan yakin da ya kare da ficewar shugaban kasar Charles Taylor daga mulki a watan Agusta na shekarar. To abinda zaka yi tsammani shi ne hotuna irin na labarai, hayaki da gudu da gawa a titi, amma Hetherington sai ya dauki kyamarar fim irin Rolleiflex ya shiga da ita, kuma duk wanda ya taba rike irinta ya san wahalar da ya daukarwa kansa. Hoto 12 kacal take dauka a nadin fim daya sai ka tsaya ka canza, hoton murabba'i yake fitowa, kuma ba a ido ake kafa ta ba, a kirji ko a ciki ake rike ta ka sunkuyar da kai kana lekawa ta sama. Ka duba wannan, a gaban yaro mai bindiga kai kuma kanka a sunkuye, fuskarka a bude yana ganinka, babu wani bakin karfe da ka auna shi da shi. Ni a ganina wannan shi ne sirrin natsuwar dake cikin hotunan, dole ya tsaya, dole ya gaisa, dole a san shi kafin ya danna.

Akwai hotonsa na wani matashin dan tawaye a zaune a garin Tubmanburg da gurneti a ajiye a gabansa kamar wanda ya ajiye kofin shayi, idonsa yana kallon wani wuri can, ba fushi a fuskar ba murna, gajiya ce kawai da wani irin rashin sanin abinda gobe zata kawo. Akwai kuma na wani mayaki da budurwarsa suna rada ana tsakiyar gumurzu a Monrovia, bindiga na nan kusa amma kallon da suke wa juna shi ne hoton. Na dade da sanin wadannan a waya amma aikin mutumin nan in ka ganshi a babban bugu a bango wani abu ne daban, kalar bango da tsatsar karfe da zufa a goshi duk sai su fito, bugun da akayi yayi kyau sosai kuma hasken dakin baya kashe ido.

Abinda na kara girmama shi a kai shine bai dauki hoto ya gudu ba. Bayan yakin ya zauna a kasar, har a 2006 yayi aiki a matsayin mai bincike wa kwamitin Majalisar Dinkin Duniya mai kula da takunkumin da aka sa wa Laberiya. Masu daukar hoto da yawa suna zuwa ne kamar fara, su sauka su ci su tashi.

Sai bangaren Afganistan wanda shi ne ya daga sunansa a duniya. Mujallar Vanity Fair ce ta tura shi tare da marubuci Sebastian Junger zuwa kwarin Korengal a lardin Kunar, kusa da iyakar Pakistan, a 2007 zuwa 2008, suka rika zama da wata 'yar karamar rundunar sojan Amurka a wani sansani a kan tsauni da sojojin suka haka da hannunsu suka sa masa suna Restrepo, sunan abokinsu mai ba da magani Juan Restrepo da aka kashe a farkon zuwansu. Sojan Amurka sama da 40 ne suka mutu a wannan kwarin kafin su tattara su bar shi a Afrilun 2010. A can ne ya dauki hoton sojan nan da ya jingina a maboya ya dafe goshi da hannu, hular kwano a daya hannun, baki a bude saboda tsabar galabaita, hoton da ya ci kyautar World Press Photo ta 2007. A can kuma Hetherington ya karya kafa lokacin wani farmaki a watan Oktoban 2007 ya sauko daga dutse da kafarsa a haka cikin dare. Fim din da suka hada da Junger mai sunan sansanin ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Sundance a 2010 ya kuma shiga takarar Oscar.

Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Hotunan zaman banza ne, lokacin da ba a harbi. Samari ba riga suna cika buhunan yashi, suna kokawa suna danne juna, suna buga kati, suna yi wa juna zane a jiki da allura, wani ya rungumo wani ta wuya har ka rasa gane fada ne ko kauna ce. Kuma gaskiya duka biyun ne. Mu maza mun san wannan abin ko da bamu taba fada ba, namiji baya iya cewa dan uwansa ina sonka ina tsoron in rasa ka, sai dai ya kai masa naushi a kafada ko ya zage shi cikin wasa, to a wurin da mutuwa take kusa wannan abin sai ya ninku. Abinda Hetherington ya yi ta nema kenan tun daga Laberiya, me yake jan saurayi zuwa yaki kuma me yake rike shi a can. Amsar da hotunan suke bayarwa ba kiyayyar abokin gaba bace a farko, ba ma tuta ko siyasa ba, son a kirga ka cikin maza ne da kuma tsoron kada ka ba wanda ke gefenka kunya. Manya su suke kulla yaki saboda dalilansu, amma man da injin yake sha shi ne wannan kaunar dake tsakanin yara 'yan shekara 19 da 20, kuma masu tura su sun san haka sarai.

Daga nan sai sojoji masu barci. Wannan kam sai mutum ya gani. Wata rana da zafi ya yi zafi ba a harbi kowa ya bingire, shi kuma ya bi su daya bayan daya yana dauka, ga kato mai zane a dantse ya dunkule kamar jariri, wani hannu a karkashin kumatu, wani baki a sake. Junger ya sha ba da labarin cewa da ya tambaye shi me kake yi, sai ya nuna masa cewa haka iyayensu mata suke ganinsu, yara ne kawai. Akwai kuma bidiyon da ya hada a kan allo uku inda fuskokin masu barcin suke haduwa da karar jirgi mai saukar ungulu da harbi da kukan wani soja da aka kashe masa aboki, kamar kana leka mafarkin da suke yi. Mun zauna muka kalla har karshe, yaron nan da tun shigowarmu bakinsa bai huta ba sai naji shiru, can ya matso yace Kawu wannan fa bai fi ni da shekara biyu ba. Ban ce masa komai ba don ba abinda zan kara.

To yanzu inda raina ya sosu. Wasu daga cikin sojojin nan sun rubuta kalmar Infidel a kirjinsu, wato kafiri, suna alfahari da sunan da suka ji abokan fadansu suna kiransu da shi, har littafin hotunan da ya fitar a 2010 wannan sunan ya sa masa. A matsayina na Musulmi na tsaya gaban wannan na dade, ba wai don ban gane cewa shi nuna abin yake ba goyon baya ba, na gane, amma dole ka tambayi kanka su waye a daya bangaren dutsen. Su ma fa samari ne, su ma suna barci, su ma suna da uwaye, kuma kwarin nasu ne ba na baki ba. Mun san sunan Restrepo, mun ga fuskar kowane soja kusa da kusa har muna jin kamar kannenmu ne, amma mutanen Korengal yawanci daga nesa muke ganinsu, dattawa masu jan gemu a wurin taro, ko yaro da aka raunata bayan harin sama. Don adalci ya dauki wadannan din, bai boye ba, har a fim din akwai kauyen da aka kashe fararen hula. Sai dai kusanci daban ganin wucewa daban. Wanda ya kwana da kai ya ci abinci da kai ya kare ka daga harsashi dole kyamararka ta tausaya masa, wannan shine kudin da ake biya idan aka bi soja aka zauna a cikinsu, kuma ina ganin duk mai kallo ya kamata ya kalli hotunan da wannan a ransa. Haka ma mata, a labarin mazantaka da tashin hankali su ne suka fi kowa dandana kudarsa musamman a Laberiya inda fyade ya zama makami, amma a nan ba su ne a tsakiya ba. Ban ce laifi bane mutum ya zabi abu daya ya zurfafa a kai, kawai dai rabin labari ne kuma gara a fada.

Duk da haka ban yarda da masu cewa yana kawata yaki ba. Wanda yake kawata yaki jarumi yake nuna maka a tsaye da bindiga rana na faduwa a bayansa. Shi kuwa wannan ya nuna maka jarumin yana barci da yawu a baki, ya nuna maka shi yana kuka.

Bangaren Libiya shi ne mafi nauyi saboda ka san karshen. Aikin bai kammala ba, kana gani ka san mutum ne yake tsakiyar tunani. Abinda yake bi a lokacin shi ne yadda mayaka suke kwaikwayon abinda suka gani a fina-finai da hotunan yaki, dalibi ko direba ko mai shago jiya, yau ya daura kyalle a kai ya rataya jigidar harsashi ya sa bakin gilashi ya tsaya yadda ya ga ana tsayawa, mai kyamara ya dauka ya watsa, wani yaron a wata kasar ya gani shi ma ya kwaikwaya, abin yayi ta zagayawa. Kuma bai cire kansa daga ciki ba, ya san kyamararsa tana cikin abinda ke sa su yin wannan tsayuwar. Wannan ya taba ni sosai don nima ina dan taba daukar hoto, kuma na sha ganin yadda saurayi yake canza fuska da zarar ka daga kyamara, ya daure gira ya bude kafada, ba wanda yace masa yayi. A nan ne na juya na kalli dan yayata na tuna hotunan da yake sakawa a shafinsa.

Mutuwar tasa ma akwai abin lura a ciki. Harsashin igwa ne ya fado kusa da su a titin Tripoli dake Misrata lokacin da dakarun Gaddafi suka yi wa garin kawanya, tarwatsin karfe ya same shi a saman cinya ya yanke babbar jijiyar jini, jini ya kare masa kafin a kai ga ceto shi. Mai daukar hoto Chris Hondros na kamfanin hotuna na Getty shi ma a harin ya rasu, wasu masu daukar hoto biyu suka ji rauni. Bayan haka ne Junger ya kafa wata kungiya mai suna RISC don koyawa 'yan jarida masu zaman kansu yadda ake tsayar da jini da taimakon farko a fagen fama, saboda irin wannan raunin 'yan mintuna ne tsakanin rai da mutuwa. Duk mai sha'awar wannan aikin ya rike wannan, kafin ka sayi sabon gilashin kyamara ka koyi daure jijiya.

Game da tsarin wurin kuwa, ba wani katon baje koli bane da zai gajiyar da kai, amma ba na gaggawa bane, sai da mutum ya ware awa biyu in yana son ya kalli bidiyoyin ya kuma karanta rubutun hannunsa, wanda ni a wurina yana cikin abu mafi daraja a dakin domin a nan kake ganin mutum ne mai shakka da tambayar kansa ba wani gwarzo mara tsoro ba. Akwai gajeren fim dinsa na 2010 da ya kira Diary, minti kusan 20, hotuna ne suke shiga cikin juna daga dakin otal zuwa titin Afirka zuwa Ingila ba mai bayani, wasu zai gundure su amma ni ya nuna min yadda kan mutum yake komawa bayan shekara goma yana wannan yawon. Bayanan dake jikin bango gajeru ne kuma a fili, ba turancin malaman zane mai juya kai ba. Abinda kawai ya dan bata min rai wasu 'yan kallo ne da suka tsaya suna daukar kansu hoto a gaban masu barcin suna dariya, wannan kuma halin mutane ne ba laifin masu wurin ba. 

Yara kanana dai ban ba da shawarar a nuna musu wannan aikin ba, akwai rauni da kuka da sauti mai firgitarwa. Amma saurayi dan 15 zuwa sama, musamman irin nawa mai ganin yaki kamar wasa, ka nuna masa kuma kar ka yi masa wa'azi, ka bar shi ya kalla da kansa.

In maki zan bayar cikin biyar zan ba da hudu da rabi, rabin da na rike na mutanen Korengal ne da ban ji muryarsu yadda naso ba. An rufe baje kolin ranar 29 ga Satumba 2024. Wanda kuma bai samu zuwa ba, gidan tarihin ya saka hotunansa da yawa a shafinsu na intanet, ka rubuta sunansa a wurin binciken taskarsu zasu fito, sai dai don Allah ka bude a kwamfuta ko wani babban allo ba a waya ba, ka fara da na Laberiya kafin ka je ga masu barcin.